Tsibin Laraba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, ina gaida Inna da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Mu nan sai godiya.

Na san za ka juya takardar nan ka ce wace ce wannan kuma. Ni ce 'yar marigayiya, wadda kakata da mahaifiyarka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarka har kake ce mini Uwata. Rabona da kai tun rasuwar Mama. An ce zumunta a ƙafa take, to tawa ƙafar ta gaza, ka yafe mini.

Na samu aiki a wani kamfani da ke sayen kuza yana fitarwa waje. Ni nake zama a bakin sito. Kowane buhu da ya shigo akwai hatimin roba ɗaure a bakinsa, da lamba a jiki, lambar ce ke nuna ramin da aka haƙo shi. Idan ramin kore ne, wato masu bincike sun je sun ga babu mai bindiga da ke ci daga gare shi, sai in sa hannu a shiga da buhun. Idan ja ne, ya koma inda ya fito. Masu narkar da kuzar su sa a wayoyi sun ce sun daina sayen abin da ke ciyar da yaƙi.

Dogo, direban da ke ɗauko mana kaya, shi ya ba ni labarin wani dattijo shugaban mahaƙa da ke faɗa da itace kamar itacen yana ji. Na ce yana da tsaga a gira? Ya ce ƙwarai. Na ce wannan Kawuna ne. Tunda an ce an karya ƙarfen sabis ɗin waya a wajenku, Dogo zai riƙa kai mana takarda.

Duk ranar da buhunanku suka shigo, sai in ji kamar kai ne ka aiko mini da tsaraba.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Ashe kina raye? Na karanta takardarki na sake karantawa, Innarki ta ƙwace ta sa aka karanta mata, ta yi kukanta ta share. Lafiyarmu ƙalau, ban da tarin da ya zama abokin zamana da ƙafar Innarki da ke kumbura in ta daɗe a tsaye a wurin wanki. Ita ce babba a cikin matan da ke wanke mana kuza.

Wato ke ce mai sa hannun da ake tsorata mu da ita? In wani ya yi ganganci hatimi ya tsinke, sai a ce to, ta bakin sito za ta maido da shi. Ban san 'yar da na taɓa ciro wa ƙaya a ƙafa ba ce.

Dogo ya yi ƙarya, ba na faɗa da itace, da masu saro shi nake faɗa. Aikina tokare rami. Kafin mahaƙi ya ƙara gaba da digarsa, sai na shiga na kafa gungume hagu da dama na ɗora na sama, na buga na saurara. Itacen da ruwa ya ci yana da murya daban. Shugabancin kuma ɗora mini aka yi don na fi kowa tsufa da surutu.

Hatiminku ya yi mana rana, ba zan ɓoye ba. Da, kowane ɗan kasuwa sikelinsa daban, ka kawo guminka ya ce ƙasa ce. Yanzu sikeli ɗaya ne a rumfa, kowa na kallo. Mun kori yara daga rami, mun gyara rufin ɗakin shan magani, mun sayi fitilun goshi. Shi ya sa nake gadin akwatin hatimin nan fiye da yadda nake gadin Innarki, ita ma ta sani.

Abu ɗaya za ki riƙe. Dogo ba ya kwana, ana gama lodi yake juyawa kafin hanya ta lalace. Don haka ina rubuta tawa in ajiye, ya miƙo taki in miƙa tawa. Amsar duk abin da kika tambaya sai zuwansa na gaba, ki yi haƙuri da mu.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Na ba Dogo maganin tari da man shafawa na ƙafa, ka tabbata ya sauke su, ba na son su ƙare a gidansa.

Ga abin da ya sa na yi gaggawar rubutu. Na ji a ofis cewa masu bincike za su zo muku kafin watan nan ya mutu, binciken da ake yi duk shekara. Ba a so a sanar da ku, amma kai Kawuna ne.

Kada ka ji tsoro, shawara ɗaya zan ba ka. Ka gaya musu gaskiya, komai da komai, kada ka ɓoye ko ƙwayar yashi. Duk ramukan da na ga an ƙwace musu hatimi, ƙarya ce ta ja musu. Wasu sun ɓoye yara a bayan duwatsu, wasu sun haɗa kayan wani rami da nasu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mutanen nan kuma sun iya tono. Wanda ya buɗe musu cikinsa, taimakonsa ake yi ya gyara. Ka kai su ko'ina, har inda ba su tambaya ba.

Na san halinka, ba sai na koya maka ba. Na faɗa ne kawai don hankalina ya kwanta.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Ina gaishe ki, Innarki na gaishe ki. Tari ya ɗan lafa. Ina rubuta wannan kafin Dogo ya iso, ban san me za ki ce mini a taki ba, amma akwai maganar da na ga ya kamata mai sa hannu ta sani don ta riƙa sa hannunta da ƙwarin gwiwa.

Farkon rani mutanen daji suka sauko mana. Kin san su, masu bindigar da ke bayan tsauni. Babbansu ya zauna a kan bencin rumfa, ya ɗora ƙafa a kan sikeli, ya ce daga yau rabin abin da rami ya bayar nasu ne. Ni dai tsufa ya cire mini kunya. Na ce, "Ranka ya daɗe, in kuka sa hannu a buhunanmu, hatimi ya tafi, mu rasa ku rasa. Ku ɗauki rana ɗaya." Muka yi ta ja har la'asar, ya yarda da Laraba.

To ga yadda muke yi. Ranar Laraba aikinsu muke. Abin da aka haƙo ranar, tsibinsa daban a bayan rumfa, kwamin wankinsa daban, buhunansa ma tsofaffi ne don kada a rikice. Innarki ba ta bari a taɓa kuzar Laraba da ƙwaryar da ake wanke tamu. Da yamma su zo da jakuna su kwashe, ni da kaina nake share wurin. Akwatin hatimi a kulle yake wuni, mabuɗin na wuyana. Safiyar Alhamis sai na duba buhu da aljihun kowa kafin ya shiga.

Na rantse miki, ko ƙwaya ɗaya tasu ba ta taɓa shiga buhun da ya zo gabanki ba. Abin da kike karɓa halal ne tsantsa. Wasu ramukan da aka yi wa irin wannan, cakuɗawa suke su yi shiru. Mu ba mu yi ba, ina kuma alfahari da haka.

Ba daɗi, na sani. Mutum ya wuni a ƙarƙashin ƙasa don ƙato ya ci. Amma tun daga ranar ba a harbi kowa a garin nan ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Tun da na karanta takardarka ban iya cin abinci ba.

Don Allah, don darajar mahaifiyarka da nake ɗauke da sunanta, kada ka nuna wa masu bincike tsibin Laraba. Na san ni na ce ka faɗi komai. Lokacin da na rubuta haka ban san da wannan ba, takardunmu saɓani suka yi a hannun Dogo.

Ƙa'idarmu ba ta san tsibi biyu ba, Kawu. Ba ta tambayar ko kuzar ta cakuɗa. Tambayarta ɗaya ce: mai bindiga yana amfana da ramin nan? In amsar e ce, ko da awa ɗaya ce a mako, ramin ya zama ja. Tsaftar da kuke yi, a idonta shaida ce a kanku.

Ban taɓa zaton zan rubuta wa wani ya yi shiru a kan irin wannan ba. Wajibina ne ma in kai rahoto tun jiya, ban kai ba. Ba na kuma cewa ƙa'idar banza ce. Kuzar Laraba harsashi take zama, kai ma ka san garuruwan da aka ƙona a bayan tsaunin nan. Amma ina so in sami lokaci in nemi wanda zai saurara, a samo muku tsaro kafin a taɓa hatimin.

Na nemi ɗan babur da zai kawo maka wannan da wuri, duk wanda na ambata wa hanyarku sai ya girgiza kai. Dole na jira Dogo. Allah ya sa ta riga su isowa.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Magani ya iso, Innarki na sa miki albarka, har ta fara takawa ba ɗingishi.

Baƙinki sun zo sun tafi. Mutum biyu ne, mace da namiji, masu ladabi ƙwarai. Na yi yadda kika ce. Na shiga da su rami suka ga tokari, suka ga babu yaro ko ɗaya, suka duba sikeli. Sun gama har sun nufi mota, na ce ku tsaya, akwai abin da ba ku tambaya ba. Na zagaya da su bayan rumfa na nuna musu wurin tsibin Laraba, da kwaminsa, da tsofaffin buhunan. Na kira Innarki ta nuna musu ƙwarya biyu.

Macen ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Baba, ka san abin da kake nuna mana?"

Na ce, "Na sani mana, 'yata. Gaskiyarmu nake nuna miki."

Namijin ya ɗauki hotuna. Da za su tafi ya kama hannuna da hannu biyu ya ce bai taɓa ganin mutum irina ba. Mahaƙa suna ta tsokanata wai za a ba ni lambar yabo. Na ce in ta zo a rataya wa Uwata, shawararta ce.

Kawunki

Na farke ambulan na ƙara wannan. Dogo ya iso, ana lodi, na karanta taki a tsaye a jikin mota. Na karanta sau biyu don na zaci idona ne. To, Uwata, bakin alƙalami ya bushe. Yanzu na gane kallon da yarinyar nan ta yi mini.

Ban gaya wa kowa ba tukuna, suna nan suna ɗora buhuna suna dariya. Kada ki yi kuka. Ko da takardarki ta riga su, ban san ko bakina zai iya ba. Amma ki tambayar mini manyanki abu ɗaya. Da na cakuɗa na yi shiru, da yanzu kore muke? In haka ne, wa suke koya wa darasi? Dogo na danna ham ɗin mota.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ban san da bakin da zan faɗa ba, gara dai ka ji daga gare ni. An sa raminku a ja.

Na shiga wurin manaja ba tare da an kira ni ba. Na gaya masa kai Kawuna ne, na ba shi labarin tsibi biyu, na yi masa tambayarka yadda ka rubuta ta. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ma yana da zuciya, amma in buhu ɗaya daga jan rami ya shiga jirgi, masu saye za su yanke mu gaba ɗaya, sauran ramuka masu kore su ma su tashi a tutar babu. Ya ce za a sake duba ku idan masu bindiga sun bar yankin. Na ce wa zai kore su? Ya ce wannan ba aikin kamfani ba ne.

Na je wurin mai binciken, macen. Ta ce a rahotonta ta roƙi a ba ku wa'adi a turo jami'an tsaro. An ɗauki shafin da ya ce ja, an ajiye wanda ya ce a taimaka. Ita ma hawaye take.

Zuwan Dogo na wannan karon shi ne na ƙarshe. An aiko shi ya ɗauko sikeli da akwatin hatimi. Motar za ta dawo ba kaya, akwai wuri. Kawu, ku hau kai da Inna. Ɗakina ciki da falo ne, ni zan kwana a falo. Ba sai kun ɗauko komai ba.

Ni na ja maka wannan, ka bar ni in ɗauki ko kaɗan daga nauyin.

'Yarka

*

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Dogo ya dawo da sikeli da akwati, babu kai, babu Inna, babu takarda. Ya ce ka cire mabuɗin daga wuyanka ka miƙa masa ka juya. In fushi kake da ni, ka rubuto ka zage ni, zan karɓa. Shirun nan ne ba zan iya ba.

Wata na uku ke nan. Damina ta kama a nan, na san ta kama a can. Na ba wata mai sayar da gishiri wannan, an ce tana kaiwa har kusa da ku. Ko layi ɗaya ne, Kawu.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Takardunki biyu suna hannuna. Ba fushi nake ba. Ranar da Dogo ya zo, mutane sun kewaye ni suna tambayata me ya faru, ban samu sukunin ɗaukar biro ba. Muna raye. Tari ya dawo, ƙafar Innarki ma haka.

Kwana kaɗan da tafiyar sikeli babban mutanen daji ya sauko. Ya ce, "Tsoho, da ka ce kada mu taɓa buhunanku saboda hatimi. Ina hatimin?" Yanzu kowace rana Laraba ce. Su ke ba da awon hatsi da yamma, wanda bai cika bokitinsa ba ya kwana da yunwa shi da iyalinsa. Yaran da muka kora sun dawo rami. Waɗanda suke tsokanata da lambar yabo, wasu ba sa amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinsu ba.

Kin ce in fito. Uwata, in na fito wa zai tokare ramin? Mutanen nan ba su san ƙasa ba, kuza kawai suka sani. Sun hana zuwa saran itace, wai ɓata lokaci ne. Tsofaffin gungume nake cirowa daga inda aka bari in kafa a sabon wuri, ruwa kuma yana tsattsafowa ta sama. Na gaya wa babbansu ɓangaren gabas zai rufta, ya ce in ya rufta a haƙa wani. Mutanen da ke ciki ni na jawo musu, ba zan hau mota in bar su ba.

Ga maganar da ta sa na rubuto. Kuzarmu ba ta daina zuwa wurinki ba. Jakuna ke ƙetare tsauni da ita zuwa ramin da ke bakin kogi, wanda yake kore. Can ake juye ta cikin buhunansu a ɗaura hatimi. Su ma ba da son ransu ba, bindiga ce a kansu. Na san idonki, za ki lura kayansu sun yi yawa. Ina roƙonki kada ki faɗa. In aka sa su a ja, abin da ya same mu zai same su, ga shi sun fi mu yawa.

Dubi yadda duniya ta juya da mu. Ke kin ce in yi shiru, yanzu ni nake ce miki. Ki ƙona wannan in kin karanta.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunka. Na gaishe ka, na gaida Inna.

Na riga na lura. Ramin bakin kogi ƙarami ne, kayansa kuwa sun ninka. Manaja ma ya lura, murna yake, ya ce Allah ya buɗa musu. Buhunan suna jere a gabana da hatiminsu lafiya lau. Na sa hannu a lodi biyu, duk sanda na sa sai na shiga bayi na wanke fuska. Na uku yana hanya, ban san abin da zan yi ba. An ce za a tambayi duk wanda ke bakin sito ko ya ga abin da bai gamsu da shi ba.

Ka bar ɓangaren gabas ɗin nan, Kawu. Kai da bakinka ka ce zai rufta. Ka ce ba ka da lafiya, ai ba ƙarya ba ne. Mai gishiri ta yarda ta fito da ku a cikin ayarinsu. Ban da kai ba ni da wani babba a dangin Mama.

'Yarka

*

Zuwa ga 'yar nan,

Innarki ce, matar Kawunki. Ni ban iya rubutu ba, mai kemis ɗin nan ne yake rubuta mini, na ce masa ya sa yadda na faɗa kada ya gyara. Ina gaishe ki. Takardarki ta zo, ni aka karanta wa.

Kawunki ya rasu. Yau sati na uku.

An yi ruwa kwana da wuni. Da safe ya ce wa masu bindiga kada kowa ya shiga gabas, suka ce sai an shiga. Ya ce to a bar shi ya fara shiga ya tokare. Ya ɗauki gungume biyu, mutum huɗu suka bi shi da sauran itacen. Ina wurin wanki na ji ƙasa ta yi nishi a ƙarƙashin ƙafata. Ramin ya rufta da su biyar. Waɗanda ke jira a bakinsa ba wanda ya ji ciwo, su suka fi yawa.

Mun haƙa da hannu da shebur har rana ta yi tsaka, sai suka kore mu, suka ce a buɗe sabon baki daga gefe a ci gaba da aiki. Yana nan a ciki. Ban wanke shi ba, ban ga fuskarsa ba.

Bai taɓa ambatonki da sharri ba. Ni dai ba zan yi miki ƙarya ba, akwai ranakun da na yi. Na ce 'yar birni ta zauna a inuwa ta koya wa tsoho gaskiya. Ya ce in rufe bakina, tun kafin a haife ki haka yake. To, na rufe.

Kin ce mu zo wurinki. Na gode, ba zan iya ba. Matan mutum huɗun nan da 'ya'yansu tare muka ƙetaro tsauni, ni ce babbarsu. Muna garin bakin kogi yanzu. Sun ba mu rumfa, sun ba mu kwami, muna wanke kuza a biya mu mu ci. Wani lokacin tamu ce ta can take zuwa hannuna, ina gane ta. Ina wankewa in zuba a buhu ɗaya da tasu, ban ƙara raba ƙwarya ba.

An ce za a tambaye ki. Nan akwai sikeli, akwai makaranta, masu bindiga ba sa zama, juye kuza kawai suke su tafi. In kika faɗa, gobe za su zauna. Ba mu da wani tsaunin da za mu ƙetare.

Shi ya faɗi gaskiya, kin ji inda yake kwance. Ke ki yi shiru, 'yar nan. Ki sa hannu.

Innarki